Ranar da 'Yan Makaranta Suka Yi wa Laigen Cirar Ciyawa

Zhan Laigen ɗan kawuna ne, saboda haka ba wanda zai hana ni faɗin gaskiya a kansa. Tun da aka kafa ƙauyen Lingjiao ba a haifi mai baƙin rai kamarsa ba. Ungozomar da ta karɓi haihuwarsa ta ce da ya faɗo bai yi kuka ba, harara ya dalla mata. Aji uku ya yi a makaranta, ya fito ranar da ya tambayi malamin lissafi ko hannunsa ya taɓa sanin ƙotar fartanya. Yana da shekara goma sha biyu kare ya cije shi, kuma har yau tsofaffi na cewa karen ne ya yi jinya.

Da ya zama saurayi ya bi 'yan'uwansa birnin Hangzhou aikin gini. Shekara tara yana ɗaukar bulo. Ya dawo da abu biyu, ƙafar hagu da ta gajarta bayan ya faɗo daga kan katako, da ƙiyayyar mutanen birni wadda ta fi ƙafar dama tsawo. Dalilinsa guda ne, kuma yakan faɗe shi ko ba a tambaye shi ba. Wai sun gina bene mai hawa talatin, ranar da aka gama ya so ya shiga ya hau sama ya ga gari, mai gadi ya dubi takalminsa ya ce ya bi ta baya, ƙofar bayan ma a kulle take.

Ya auri Lanfen, mace mai sanyin hali, wadda duk ƙauye ya yarda a wata rayuwar da ta gabata ta tafka babban laifi. Suka haifi ɗa guda, ya girma, ya gudu masana'anta a kudu, yana zuwa sau ɗaya a shekara. Laigen ya zauna da matarsa, da tsohuwar ɓaunar noma mai hali irin nasa, da jar shinkafa.

Jar shinkafar nan ita ce rayuwarsa. Doguwa ce, takan kai kafaɗar mutum, iska kaɗan ta kwantar da ita, abin da take bayarwa kuma bai kai rabin na sabon iri ba. Kowa ya watsar da ita tun muna yara. Amma da ita ake turara abincin da ake ajiye wa kakanni a zaurensu ranar bikin tsakiyar hunturu, kuma dattawan gidan Zhan sun ce haka aka tarar. Mahaifin Laigen ya riƙe irin, ya mutu ya bar masa. Irin ba ya jure dogon zama a tulu, sai an shuka shi duk shekara. Bara kuma damshi ya shiga ɗan abin da ya ɓoye, ya ruɓe. Wato a shekarar da nake ba da labari, duk jar shinkafar da ta rage a duniyar Lingjiao tana tsaye ne a gona guda, gonar da ke gindin gadar dutse. In ta mutu, ta mutu ke nan.

Sai ga Fuchang. Ɗan baffan Laigen ne, Laigen ya girme shi da shekara goma, amma Fuchang ne shugaban ƙauye, mai tumbi da waya biyu. Shi ya gano cewa tsufa kaya ne na sayarwa. Zauren kakanni ya shekara ɗari shida, aka share shi. Gadar dutse, aka rataya mata fitilu ja. Bishiyar kafur ta bakin rafi aka ƙara mata shekara ɗari uku a allo ba tare da an shawarce ta ba. Motoci suka fara zuwa, makarantun birni na kwaso yara su ga yadda mutanen da suka rayu. Fuchang ya kafa allo a bakin gonar Laigen, an rubuta wai shinkafar shekara dubu. Sau uku Laigen na tuge allon. Na ukun yana nan ya rufe akurkin kajinsa da shi.

Fuchang ya taɓa zuwa har gida da rigar ganye da malfa, ya ce, "Yaya, sa wannan kawai za ka yi ka ja ɓauna a kan gada, yara su ɗauki hoto."

Laigen ya ce, "Ranka ya daɗe shugaba, kai ka sa, ni in ja ka. Ba wanda zai gane an canza ɓauna."

Daga nan gaisuwa ta yanke tsakaninsu.

Ranar da abin ya faru, kwana ashirin ke nan da dashe. Laigen ya kai Lanfen gari da sassafe a cire mata haƙori. Bayansu wata makaranta ta iso, yara arba'in da biyu, kowa da jar hula, da malama guda mai suna Kuang, tana riƙe da tuta da ƙaramar lasifika. Aka zaga da su zauren kakanni, suka tattaka dokin ƙofa son ransu, suka kwafi rubutun jikin ginshiƙai. A takardar tafiyarsu akwai awa guda ta aikin gona irin na da. Lokacin dashe ya wuce, sai Fuchang ya ce to a yi cirar ciyawa. Gonaki sun fi ɗari a Lingjiao, amma ta gindin gada ce hoto ke kyau a cikinta, mai ita kuma ba ya nan. Ya nuna wa malama gonar da baki, ya ce ana barin shinkafa a cire ciyawa, ya tafi duba ko awara ta soyu.

To, akwai wata ciyawa da muke kira baizi. Uwar da ta haifi shinkafa ma sai ta duba sau biyu kafin ta raba su. Manomi kan bar ta ta ɗan tasa kafin ya bi ta, abin da Laigen ke jira ke nan. Baizi ta fi shinkafa saurin girma, ta fi ta kauri, ta fi ta kore. Jar shinkafa kuwa a farkonta siririya ce, fayau, kamar wadda ta tashi daga ciwo. Malama Kuang ta tsaya a kan kunyar gona, ta dubi gonar da idon ilimi, ta sa lasifika a baki ta ce, "Yara, ku lura. Abin da manomi ya kula da shi shi ne mai ƙarfi. Masu kauri ku bar su. Ramammun nan ku cire."

Yaran birni ba su da lalaci in an ce akwai maki. Cikin rabin awa suka yi aikin da fari ba za su iya a kwana uku ba. Suna tugewa suna jerawa a kan kunya, dami-dami, saiwa a sama, rana na duka.

A haka Laigen ya sauko daga motar gari. Lanfen na bayansa da auduga a baki. Ya zo tsakiyar gada ya tsaya. Ya ga gonarsa kore shar, tsaf, baizi zalla tana kaɗawa a iska, shinkafar ubansa kuma a shanye kamar wanki. Waɗanda suka gani sun ce wuyansa ya kumbura har maɓallin riga ya tashi ya kashe kaza a ƙetaren rafi. Ban ga kazar ba, amma na ga rigar.

Bai yi ihu ba, wannan ne ya tsorata mutane. Ya sauka ya ɗauki dami guda ya taɓa saiwar. Da ɗan sauran laima.

Malama Kuang ta matso da murmushi ta ce, "Baba, kai ne mai gonar? Yara, ku gaishe da Kaka. Mun rage maka aiki."

"Kun rage," in ji Laigen. "Saura ku ƙona gidan ku huta da ni gaba ɗaya. Wa ya ce ku shiga?"

"Shugaban ƙauye ne ya ba mu izini."

"Gonar ubansa ce?" Ya ɗaga damin har gaban hancinta. "Malama, me kike koyarwa?"

"Tarihi."

"Ga shi nan kin tuge shi."

Murmushin ya bushe. Ta ce ba ta son a yi mata magana haka a gaban ɗalibanta, kuma in an yi kuskure makaranta za ta biya. Laigen ya tambaye ta a wane kanti za ta sayo, ya ce ta faɗa masa sunan kantin ya je da ƙafa ɗaya da rabi. Ta ce ita ba ta zo faɗa ba, ta busa usur, ta ce yara su wanke ƙafa, abinci na jira, mota za ta tashi ƙarfe biyu.

Abinci da mota duk suna ƙetaren gada. Gadar kuma faɗinta bai wuce mutum biyu ba. Laigen ya ɗingisa ya kwanto ɓaunarsa daga gindin kafur, ya ja ta tsakiyar gada, ya ce mata kwanta. Dabbar da ba ta taɓa jin maganar kowa ba, ranar ta ji. Ta kwanta ta cika gada dam, ƙaho na taɓa wannan gefe, gindi na taɓa wancan. Shi kuma ya zauna a kanta.

Fuchang ya iso da gudu, tumbi na gaba yana biye, man awara a leɓe.

"Yaya, don girman kakanni ka tashi. Baƙi ne. Za ka ɓata sunan ƙauye."

"Kakannin da kake sayar da tikitin kallonsu? Matso kusa, Fuchang, ɓaunar nan ta daɗe tana son gaishe ka."

Fuchang bai matso ba. Malama Kuang ta zaro waya ta ce wannan tsare yara ne, za ta kira 'yan sanda.

"Kira su," in ji Laigen. "Awa guda za su yi a hanya. Saiwar nan ma awa guda ta rage mata. In sun zo sai su tarar da gawa biyu, tata da ta shugaba. Ko kuwa ki sa waɗanda suka tuge su mayar, kowa ya ci abincinsa."

Ta ce yaranta ba leburori ba ne. Ya ce ɗazu da suke ɓarna ai ba ta tuna ba. Suka tsaya suna kallon juna kamar zakaru. Lanfen ce ta raba. Ba ta iya magana saboda auduga, sai ta tsinko baizi guda da shinkafa guda, ta kama hannun malama, ta ɗora yatsanta a inda ganye ya haɗu da kara. A jikin shinkafa akwai 'yan gashi ƙanana a wurin. A jikin baizi sumul. Malama ta shafa wannan, ta shafa wancan, ta dubi damin da ke kan kunya, kunnuwanta suka yi ja kamar hular ɗalibanta. Ba ta ba da haƙuri ba. Ta cire takalmi, ta jefar da tuta, ta faɗa cikin laka da fushi kamar lakar ce ta zage ta.

Laigen ya sauko daga kan ɓauna ya karɓe lasifika. Ranar Lingjiao ta ji abin da ba ta taɓa ji ba, Laigen da ƙarin murya. Ya sa aka fara tuge baizi. Sannan ya jera su sahu guda, ya ce dashe da baya-baya ake yinsa, wanda ya taka gaba ya taka abin da ya dasa, kuma shi Laigen zai dasa mai takun a madadinsa. Yara arba'in da biyu suna tafiya da baya a cikin laka, kowane taku uku sai wani ya zauna daɓas. Matsattsaku suka samu biki, jinin birni mai zaƙi. Wani yaro ya ce zai gaya wa babansa, babansa lauya ne.

"Ka ce ya zo," in ji lasifika. "Akwai sauran layi biyu."

Wata yarinya mai tabarau ta ɗago, hawaye da laka sun haɗu a fuskarta, ta ce, "Kaka, ka yi haƙuri, ba mu sani ba."

"Haƙuri ba ya saiwa, 'yar nan. Uku-uku za ki dasa, kada ki nutsar da wuyan."

Fuchang ya so ya sulale, Laigen ya kira sunansa a lasifika har da sunan da uwarsa ke kiransa yana yaro, wanda ba zan rubuta ba don yana da jikoki. Ya shiga da wandonsa na taro. Waya guda ta faɗa laka, har yau tana can.

Sai ƙarfe uku da rabi ɓauna ta tashi. Awara ta yi sanyi. Malama Kuang ta tsaya a bakin gada, laka har gwiwa, ta ce ba za ta sake kawo ko ɗan tsako wannan ƙauye ba, kuma za ta rubuta rahoto. Laigen ya ce ta rubuta da manyan baƙi don sauran makarantu su gani da kyau. Suka rabu ba sallama.

Kwana bakwai yana zaune a kunyar gonar yana kallo. Waɗanda aka fara tugewa rana ta riga ta gama da su, suka yi rawaya suka narke. Na tsakiya wasu suka tashi, wasu suka ƙi. Da kaka ta yi, abin da ya girba bai cika tulu guda ba, gonar da takan ba shi buhu huɗu.

Ana saura kwana uku bikin hunturu dattawan gidan Zhan suka aiko a karɓi ta kakanni. Laigen ya ce babu. Suka zo da kansu, su biyar, da sanduna. Ya fito da tulun ya buɗe musu, ya ce wannan iri ne, in kakanni suka ci bana, ba za su sake ci ba har abada, su zaɓa. Babban cikinsu ya leƙa tulun, ya daɗe, ya mayar da murfin da hannunsa. A shekarar, karo na farko da wani mai rai ya sani, farar shinkafar kanti aka turara a zauren kakanni, kuma dattawa suka ce Fuchang ne zai ɗauki kwanon ya kai gaban allunan sunayen kakanni, ya yi musu bayani da bakinsa. Ya yi, a durƙushe, duk dangi na tsaye a bayansa ba mai tari.

Da bazara Laigen ya raba irin gida biyu. Rabi ya ba Lanfen ta ɓoye inda shi kansa bai sani ba. Rabi ya hau da shi can ƙolin dutse, wata tsohuwar gona da aka watsar tun zamanin kakanmu, matakala ɗari huɗu da wani abu daga rafi. Shekararsa sittin da uku, da gajeriyar ƙafa, yake hawa da taki a kafaɗa yana zagin kowace matakala da sunanta. Shinkafar ta fito. Na hau sau ɗaya na gani, na kwana biyu ban iya miƙewa ba, ya ce dama ni ma ɗan birni ne da aka haifa a ƙauye bisa kuskure.