Ciwon Ƙugun Ranar Asabar

Har yanzu ban manta da ranar da aka ba ni maganin cutar da ba ni da ita ba. Lokacin ina Mataimakin Sufuritanda a sashen farin kaya, wato mu da ba ma sa kayan sarki, sai dai mu soke ƙaramar bindiga a ƙugu, riga ta rufe. Ƙa'ida ita ce ka sa hannu ka karɓe ta a ma'ajiyar makamai, in ka tashi aiki ka sa hannu ka mayar.

Duk Asabar nakan je aikin sa kai a wani gida a Karmo, inda ake tsugunar da waɗanda rusau ko rikici ya raba da muhallinsu. Aikina zuba abinci. Dokar gidan ita ce ba a shiga da makami. Akwai kwando a bakin ƙofa, kowa ya ajiye wuƙarsa, har reza, sannan a laluba shi. Ni kuwa mai gadi yakan ce, "Oga, wuce." Sai in wuce da bindigata, domin ina ƙyuyar komawa ma'ajiya. Na shaida wa kaina cewa kare su nake yi. Digirina ya yi mini amfani ƙwarai wajen tsara wannan hujja.

Na sakankance ba wanda ya sani. Ba na sunkuyawa kan tukunya sai na dafe ƙugu, ba na zama kan tabarma, in an ta da sallah kuma jikin bango nake nema.

Wata Asabar cikin damina, shugabar gidan, Hajiya Talatu, ta ja ni gefe ta miƙo mini wani ƙulli.

"Mene ne wannan, Hajiya?"

"Maganin ciwon ƙugu, yallaɓai. Matan gidan suka aiko. Sun ce ciwon naka ya yi tsanani, har riga yake ɗagawa."

Da ƙyar na tambaya, "Tun yaushe suka sani?"

"Tun zuwanka na farko. Wanda ya kwana a titi, ƙugun mutum yake dubawa kafin fuska. Damuwata Baba Dauda ce. 'Yan bindiga suka koro shi daga ƙauyensu. In dai kai ke riƙe da ludayi ba ya fitowa, maganinsa kuma ba a shan shi sai an ci abinci. Wata biyu ke nan."

Ashe wata biyu, duk Asabar, dattijo na wuni da yunwa saboda ni, ƙwararre a sa ido, ban ko lura babu kwanonsa a layi ba.

Asabar ta gaba na mayar da bindigar, na sa hannu, na bi layin bakin ƙofa.

"Oga, wuce mana."

Na ce, "Laluba ni," na ɗaga hannuwa a gaban kowa.

Sai da aka kusa kankare tukunya Baba Dauda ya fito da kwanonsa. Ya dubi ƙuguna, sannan ya dubi fuskata.

"Yallaɓai, ya jikin?"

"Da sauƙi, Baba."

"To, Allah ya raba ka da shi. Ƙara mini miya."

Ƙannena a wannan aiki, an horar da mu mu karanci mutane, ba a gaya mana cewa mai tsoro ya fi mu iya karatun ba. Ƙullin nan yana cikin durowar tebur ɗina har yau, ina buɗe ta duk ranar da na ji kaina ya fara girma.