Malam Zauna Tukuna da Tsaninsa Biyu

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar makaranta, shi ya riga ya shige da jakarsa a hammata. Ofishinsa tsohon ɗakin ajiya ne a ƙarƙashin matakala, taga ɗaya, da fanka mai kuka kamar za ta faɗo. Abin da yake fara yi kullum shi ne ya jawo kujerun roba biyu, ya goge su, ya juya su suna fuskantar allo. Ba na ɗalibai ba ne, na iyaye ne. Duk uban da ya shigo a tsaye yana cewa sa hannu kawai ya zo yi, amsa ɗaya yake samu: ya zauna tukuna. Daga nan sunan ya bi shi, har yara da yawa ba su san yana da wani ba. Malam Zauna Tukuna ke nan, malamin lissafi, wanda zai ajiye alli a ƙarshen zangon nan.

Makarantar tana shirya matasa ne domin jarrabawar nan ta ƙasashen waje, wadda ake kwashe takardunta a kai ƙetare a duba. Iyaye suna ambaton sunanta yadda ake ambaton magani mai tsada: ba a san abin da ke ciki ba, amma an tabbata yana aiki. Wai tana buɗe kowace ƙofa a duniya. Ni na tsufa ina jin wai, ban taɓa ganin mai wai ɗin ya tsaya an yi masa tambaya ba.

Abin da ba a cika faɗa ba, shi Malam yake zanawa a allo: tsani biyu. A lissafi takardar jarrabawar iri biyu ce. Ƙarama gajeren tsani ce, kowa zai iya hawa, amma ko yaro bai kuskure ko ɗaya ba, a tsakiya za ta tsaya da shi. Babba tana kaiwa har sama, sai dai an cire matakanta na ƙasa. Wanda hannunsa bai kai ba, hannu wofi zai koma gida. In ya gama zane sai ya juyo ya tambayi uba abin da yaronsa ke son zama, domin akwai karatun da ba ya karɓar mai gajeren tsani.

Mai makaranta bai taɓa son zanen nan ba. Shi ƙyallen da ake ratayawa a bakin ƙofa bayan sakamako yake so, mai cewa kowa ya ci. Samunsa kuwa ba wuya: duk yaron da ake shakka a kansa a tura shi ƙaramar takarda, ba sai an tayar wa iyaye hankali ba. A yi murna, a ɗauki hoto. Ranar da yaro zai je neman gurbin karatu a ce masa a'a, ƙyallen ya daɗe da koɗewa.

Na ga aikin Malam da idona ranar da na raka maƙwabcina mai walda, wanda ya ce in zo in kama masa Turanci. Autarsa injiniya take son zama. Tun tana ƙarama take gyara masa awo in zai yanka ƙarfe, yana korarta yana cewa bai ɗauki sufeto aiki ba. An sa ta a ƙaramar takarda. Malam bai yi Turanci ko kalma ɗaya ba, ni dai zama kawai na sha. Ya zana tsaninsa, ya ce yarinyar a kan iyaka take, za ta iya kamawa, za ta iya zamewa, shi ba zai rantse ba. Mai walda ya ce duk tsanin da ya ƙera a rayuwarsa bai taɓa yin marar matakan ƙasa ba, wannan kam aikin ɗan koyo ne. Muka yi dariya, ban da Auta, wadda ta biyo mu.

"Baba, in na hau gajeren, ina zai kai ni?"

Ta ƙara kallon allon. Ta zaɓi babba.

Malam ya ba ta lokacin cin abincinsa na rana, yana koya mata, har aka shiga jarrabawa. Sakamako ya fito, hannunta bai kai ba. Kaɗan ya rage, amma masu dubawa a ƙetare ba ruwansu da kaɗan. Ƙawayenta na gajeren tsani suka fito da shaidarsu suna tsalle, ƙyalle kuma bana ba a rataya shi ba. Mai walda ya koma ofishin, wannan karon ya ƙi zama.

"Malam, da ka bar mu cikin duhunmu, da yau 'yata tana da abin nunawa."

"Gaskiya ne, Baban Auta. Da tana da shi."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai kare kansa ba, bai tuna masa wanda ya zaɓa ba.

Malam, kai ne wanda ya ƙi yanke wa 'ya'yan mutane hukunci a bayan idonsu. Kai ne mai gaya wa uba abin da ba ya son ji, da harshen da yake ji. Na so ƙwarai in rubuta cewa an gane, an gode. Ba haka aka yi ba. An sanar cewa daga zango mai zuwa ofishin mai makaranta ne zai riƙa zaɓa wa yara takarda, iyaye su ga saƙo a waya. Ɗakinka zai koma ɗakin ajiya, na ji har an fara auna inda za a jibge tsintsiya da bokiti. Matasan malaman sun ga abin da ya same ka, kuma ba wawaye ba ne, sun ɗauki darasi, sai dai ba wanda ka so su ɗauka ba.

Duk da haka na gode maka, a madadin waɗanda suka zauna a kujerunka da waɗanda ba za su samu ba. Ku kuma iyaye, tunda an ɗauke muku kujera, ku yi tambayar a tsaye: wace takarda ɗana zai rubuta, kuma ina take tsayawa? Malamin da ke da sauran ƙarfin hali ya amsa, ko da amsar za ta hana rataya ƙyalle.

Auta za ta sake rubutawa, babbar takarda dai, kuma ubanta ya ce daga wannan babu wata. Da yamma yana kawo ta gidan Malam a kan babur, ta shiga, shi ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon titi. Kullum Malam sai ya fito da kujera, ya goge ta, ya ajiye kusa da shi. Har yau bai zauna ba.