Shigarmu Karakara da Makauniyar Mota

Shekarar da Baba ya ajiye aiki ya sayi mota, wata tsohuwa da ta gama yawon duniya kafin ta faɗo Gaya. Tun ranar ya yi wa Inna alkawari: da ita zai kai ta garinsu, Karakara. Tun da aka auro ta, a bayan motar kasuwa take zuwa gida, tsakanin buhunan shinkafa da awaki. Ba ta taɓa ƙorafi ba, amma abin yana cin Baba a rai.

Sai ga sunan jikan yayanta ya taso. Ana gobe suna muka yi wanka, muka ci ado, muka shiga. Baba ya murɗa makulli, mota ta ce ƙyas, ta yi shiru. Batir ya mutu.

A Gaya kuwa ba a rasa manyan motoci masu jiran tsallaka gada zuwa Benin, har bakin layinmu suke jeruwa. Baba ya roƙo wani direba ya sammana wuta. Direban ya dubi motarmu, ya ce:

"Alhaji, wutar babbar mota ta fi ƙarfin wannan fa."

"Ai ƙarfin nake nema," in ji Baba.

Aka haɗa wayoyi. Mota ta tashi da wani irin gurnani, ƙauri ya ɗan bugi hancinmu. Baba ya ce tsatsa ce ke ƙonewa. Da yake rana tsaka ce, ba wanda ya yi tunanin duba fitila.

Hanya ta ci mu, ga ramuka, ga Baba da tuƙin lallaɓa. Magariba ta riske mu muna hango bishiyoyin garin. Baba ya gyara hula, ya kunna fitila. Maimakon haske, sai abin share gilashi ya kama rawa. Ya sake murɗawa, kilakson, wato hon ɗin mota, ya ɗauka, ya ƙi yin shiru. Ni da Inna muka kasa haɗa ido, don dariya na cin mu. Da na dubi fuskar Baba sai tausayi ya kama ni. Ya tsaya a gefen hanya, ya riƙe sitiyari, ya ce a hankali:

"Ki yi haƙuri. Ba haka na so ba."

"Malam, ai mun zo," in ji Inna.

Ashe kukan kilakson ya kai cikin gari. Can sai ga samari a kan babura sun fito ganin ko lafiya. Da suka leƙa suka ga gwaggonsu ce, sai shewa. Wasu suka shiga gaba suna haska hanya, wasu suka jeru dama da hagu. Haka muka shiga Karakara, mota na ihu, babura na amsawa, mata na leƙowa ta kan danga suna guɗa ba su ma san wa ake yi wa ba. Inna ta sauke gilashi tana ɗaga hannu.

Daga baya mai gyara ya ce ƙwayayen fitilar duk sun ƙone, ya yi ta faɗa. Baba ya ji kunya ƙwarai, har ya rasu ba ya son a tada zancen. Inna kuwa ba ta gajiya da shi. Har yau in aka ambaci Baba sai ta goge ido ta ce:

"Shi ne ya shigar da ni garinmu da rakiya."