Shekarar da Na Koya wa Ƙanina Shan Sukari

Jiya ina wucewa ta bakin wani shago na ji ƙanshin sukari yana ƙonewa a tukunya, ana haɗa alawa. Tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gida sau biyu, na sake wanke kwanukan da ba su da datti, amma hankalina yana can Ƙofar Dumi, a gidan da na tashi, shekarar da aka yaye ƙanina.

Shekarata tara a lokacin. Inna tana da ciki, laulayi ya kwantar da ita, sai renon yaron ya dawo hannuna. Kun san kukan ɗan yaye? In na goya shi ya yi ta dukan bayana, in na sauke shi ya yi ta birgima, ni kuwa ina jiyo ƙawayena suna 'yar gala-gala a lungu. Wata rana na lakato sukari daga gwangwanin shayin Baba na sa masa a baki. Tsit, kamar an kashe rediyo.

Shi ke nan na sami dabara. Sukari a koko, sukari a ruwan sha, alawa ƙulle a bakin zanena. Kafin damina ta raba tsakiya yaron ya ƙi komai. A ba shi tuwo ya kau da kai, a ba shi wake ya tofar. Cikinsa ya turo gaba, ƙafafunsa suka sirance, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, haƙoransa na gaba suka fara baƙi. Inna ta ce ko ciwon shawara ne, aka jiƙa saiwa. Kakarmu ta aika makarantar allo aka yo rubutu. Ni kuwa duk sa'ad da aka tayar da zancen sai in tsiri zuwa ɗebo ruwa, ko da randa a cike take.

Akwai wata mata da ke haya a gidan da ke jikin namu, Kirista ce daga kudancin jiha, tana aikin jinya. Ran nan ta shigo aron turmi, ta tsaya tana kallon yaron. Ta ja fatar idonsa ƙasa, ta buɗe bakinsa.

"Wannan yaro yana shan zaƙi da yawa," in ji ta. "Waye yana ba shi?"

Inna ta rantse ko a kunu ɗan kaɗan take sa masa. Kafin a sake wata magana, ƙanina ya rarrafo ya kama bakin zanena, inda ya saba. Ya ja, ƙullin ya kwance, alawa ta faɗo a gaban kowa.

Na rufe ido ina jiran mari. Kaka ba ta ɗaga hannu ba. Ta ce, "Ba zan dake ki ba. Amma ke kika koya masa wannan, ke za ki zauna da shi har ya koyi cin abinci."

Baba ya kulle gwangwanin a akwati. Maƙwabciyar tamu ta nuna wa Inna gwate irin nasu: tsakin masara da alayyafo da yakuwa, da dakakkiyar gyaɗa da garin busasshen kifi. Ta ce gobe a canza, a yi kabewa, jibi wake, a riƙa haɗa masa da gwanda da dafaffen ƙwai. Nan Kaka ta tubure, wai yaron da ya saba da ƙwai sata yake koya. Matar ta yi dariya ta ce, "Hajiya, yarana huɗu duk sun ci ƙwai, babu ɓarawo ko ɗaya." Kaka ta yi tsaki, amma washegari ita da kanta ta ɗauko ƙwan daga akurki.

Kwana uku ƙanina yana ihu har muryarsa ta dushe. Yana lalubar zanena, ina kuka tare da shi. Rana ta huɗu Kaka ta raɗa mini in zauna gabansa in ci gwaten, in ya miƙo hannu in janye kwanon. Na janye sau biyu. A na uku ya fizge, ya cusa hannu ya kai baki.

Zuwa lokacin girbi ya murje, yana bin kaji da gudu. Haƙoran dai ba su dawo ba. Sun ruɓe ɗaya bayan ɗaya, da ciwo da kumburi, kuma har ya yi famfara in zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu. Bai taɓa sanin dalili ba. Ni na sani.

Yanzu jikana ne ke damuna. Duk safiya uwarsa tana cika masa jakar makaranta da biskit da lemon kwali. Na yi magana ta ce, "Mama, abin da yake so ke nan, kuma sauri muke yi." Ba zan ce ta yi ƙarya ba, aiki take zuwa, kuma zaƙin da a dā ake kullewa a akwati yau yana rataye a kowane lungu.

Duk da haka na roƙe ta ta riƙa bar mini shi ranar Asabar. Makon jiya na dafa masa faten kabewa da zogale da kifi. Ya ci cokali biyu, ya tofar da na uku a kan sallayata, ya ce babu daɗi. Na goge, na sake ɗebo wani.