Gaɓoɓin Yatsun Kakata

Wata Talata ce, sati biyu bayan sallar layya, ina aji biyu karo na biyu a lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, da ke bakin Birni. Madam Salamatu, sabuwar malamarmu, ta zube ƙwallayen dabino goma sha biyu kan tabarma, ta ce mu raba wa yara huɗu. Ba ta faɗi yadda ake yi ba, ta dai koma gefe da ɗan littafin da take rubuta yadda kowannenmu ke neman amsa. Mu kuwa a zatonmu sunayen waɗanda za a kora take tarawa.

Ni na fi kowa tsoron littafin nan. Baba badukun fata ne, kuma ya riga ya rantse in na sake maimaita aji, rumfarsa zan koma yankan fata, an gama boko. Malaminmu na bara kuwa ya sha dukan hannuna da sanda, wai mai ƙirga da yatsu daƙiƙi ne. Saboda haka na cusa hannu cikin riga na ƙirga a ɓoye, kafin in ankara bakina ya ce uku-uku. Madam ta matso ta ce, "Moussa, fito da hannun nan in gani." Wayyo, har na runtse ido ina jiran sanda! Sai na ji ta ce in nuna wa aji. Na nuna musu: yatsu huɗu, kowane da gaɓa uku, babban yatsa na bin su ɗaya-ɗaya. Haka kakata Ya Fanna take tasbihi bayan la'asar tun da carbinta ya tsinke, ni kuma ina gefenta ina ɓare gyaɗa ina kwaikwayo. Ranar aji duka da gaɓoɓi aka yi lissafi, Madam tana ta rubutu.

Da yamma ta tako har gidanmu, ta buɗe wa Baba littafin, ta nuna masa yadda aji duka suka koyi ƙirga irin ta Kaka daga wurina, ta ce yaron nan a bar mata shi a lakwal. Kaka ta yi dariya ta ce, "Ni da ko alli ban taɓa riƙewa ba!"

Yau ni ma malamin lissafi ne, ɗalibaina kuma in za su ƙirga wayar hannu suke zarowa. Kaka ta rasu kafin in gama lakwal, wallahi ina kewarta. Duk yaron da na ga ya ɓoye hannu cikin riga, nakan matsa in ce ya nuna mini.