Rumbun da Ba Ya Tona Asiri

Mun tashi da asuba daga Kano, ina idar da salla na rataya jakata na nufi tashar jirgin ƙasa. A can na tarar da abokan tafiyata su uku, ɗalibai ne daga wata ƙasar Turai masu koyon zane da tsara kayan amfanin yau da kullum, makarantarsu ta turo su yin zangon karatu a nan. Sharaɗin malamansu shi ne kada su koma da zane a takarda kawai, sai sun zauna da mutanen karkara sun ƙera wani abu tare da su. Ni kuma da nake koyar da zane a kwalejin horon malamai, aka haɗa ni da su in yi tafinta. Akwai dogo mai gemu, da gajere mai jin Faransanci, da wata budurwa mai yawan shiru. Rumbu suka zaɓa, domin sun ji labarin farin da aka sha, da yadda ɓera da gara ke raba manomi da ɗan abin da ya samu.

Jirgin Nguru muka shiga, wanda ba ya gaggawa da kowa. Dogon nan ya rungume wani abu mai tsawo a naɗe cikin bargo, ko gyangyaɗi ya kama shi ba ya saki. Da na tambaya ya ce gilashi ne, kuma shi ne zuciyar aikinsu. A kowace tasha masu talla sukan yanyame tagogi da dafaffen ƙwai da mangwaro da ƙuli-ƙuli, kuma babu abin da yaran nan ba su ɗanɗana ba. Gajeren ya kusa barin haƙorinsa a jikin ƙuli-ƙuli, duk da haka ya ƙara saye.

A Gagarawa muka sauka da rana tsaka, zafin bazara kamar a gasa gurasa a ƙasa. Wani ma'aikacin tasha ya nuna mana filin da a da ake jibge buhunan gyaɗa, yanzu awaki ne kwance a wurin. Daga nan muka hau bayan wata tsohuwar babbar mota zuwa Gumel. Rairayi ya riƙe ta a hanya, fasinja suka sauka turi, budurwar nan ta tattare siket ta shiga cikinsu, abin da ya ba tsofaffin da ke cikin motar dariya har muka isa.

Gumel gari ne mai natsuwa, mutanensa akwai iya gaisuwa. Mun zaga kasuwa da yamma, na lura har yanzu da sule da fam ake ciniki a baki, ko da yake naira da kwabo ne a aljihu. Mudun gero ya yi tsadar da mai saye sai ya ja numfashi kafin ya taya. Mun ci tuwon gero da miyar kuka muka kwana, washegari motar ma'aikatan gona ta kai mu Sule Tankarkar, daga can kuma amalanken shanu ya ƙarasa da mu wani ƙauye da ke arewa da garin.

Mai gari ya sauke mu a gidan wani dattijo da aka sani da karɓar baƙi tun zamanin mahaifinsa. Mu maza muka zauna a zaure, budurwar aka shigar da ita wurin mata. A ƙauyen nan rumbuna a fili suke bayan gidaje saboda gudun gobara, duk mai wucewa yana ganinsu. Kullum da safe dattijon zai jingina tsani, ya ɗage murfin rumbunsa, ya shiga ya daɗe, sa'an nan ya fito da ƙwarya a rufe da faifai. Ba da jimawa ba sai mu ji daka ya kaure a cikin gida. Tuwo kuwa bai taɓa yanke mana ba, safe da dare.

Gaskiya yaran nan sun burge ni. Ba su zo da girman kai ba. Sun bi maginin ƙauyen har kududdufi ɗibar ƙasa, sun taka ta da ƙafafunsu, fatarsu ta yi ja ta saɓule, ba wanda ya yi ƙorafi. Bayan 'yan kwanaki suka tara jama'a a gindin tsamiya suka nuna ƙaramin samfurin da suka gina. Rumbun tsaba ne, a ɗage kan duwatsu, an sa wa ƙafafunsa kwalar langa-langa yadda ɓera ba zai iya hawa ba, da ɗan baki a ƙasa wanda za a buɗe hatsi ya zubo ba sai an hau tsani ba. Magini ya yaba da wannan ƙwarai. Sa'an nan dogon ya warware bargonsa. Gilashin za a kafa shi a jikin rumbun daga sama har ƙasa, domin mutum ya ga iyakar inda hatsinsa ya tsaya ko daga nesa.

Kowa ya ce madalla. Amma da mai gari ya tambayi gidan da za a fara ginawa, sai kowa ya shiga miƙa wa maƙwabcinsa alherin. Daga ƙarshe wani ya ce ai baƙin dattijo ne, shi ya fi cancanta. Aka kuma tsayar cewa ranar da aka gama, gari zai taru ya ga an juye hatsinsa a sabon rumbu. Dattijon ya yi murmushi ya ce ya gode, domin mai masauki ba ya watsa wa baƙonsa ƙasa a ido.

Gini ya kai ƙugu, wata safiya budurwar nan ta ja ni gefe, idonta ya yi ja. Ta ce dakan da muke ji kullum, rabin abin da ke turmin dusa ce da ƙaiƙayi, matar gidan tana yi ne don maƙwabta su ji motsin taɓarya. Ɗan geron da ke fitowa a ƙwarya mu ake tuƙa wa, mutanen gida kuwa busasshen ganye suke kwaɗawa da ɗan gari. 

Bayan la'asar na sami dattijon shi kaɗai yana tufkar igiya. Ban tambaye shi komai game da gidansa ba, na dai ce, "Baba, yaya ka ga aikin yaran nan?"

Ya ce, "Malam, sun yi ƙoƙari, Allah ya yi musu albarka. Sai dai ka san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Rumbu ma haka yake. Wanda nasa ya cika ba ya so a gani, kada a sa masa ido. Wanda nasa ya yi ƙasa kuwa..." Ya ci gaba da tufka.

Na tara ɗaliban a zaure na warware musu zare da abawa. Idan aka gama rumbun nan yadda suka tsara, mutumin da ya ba mu abincin bakin iyalinsa zai tsaya gaban garinsu da hatsin da bai kai tsawon taƙi ba a bayan gilashi, girman da ya tara shekara da shekaru ya zube a yini guda. Dogon bai yarda nan take ba. Ya ce mutum ba zai iya tsara cimarsa ba in bai san abin da ya rage masa ba, kuma a kan gilashin nan malamansu suka fi yaba musu. Budurwar ta ce masa ai mai rumbu ya sani sarai, sauran gari ne ba su sani ba. Suka yi ta musu da yarensu, ni dai na koma gefe.

Da gari ya waye na fito na tarar da dogon a bakin gini, hannu dumu-dumu da laka, yana cike gurbin da ya bari don gilashinsa. Ban san lokacin da na ji yaron ya kwanta mini a rai ba. Shi da magini suka zauna suka sake shawara. Aka kafa sanda mai zane-zane a cikin rumbun, wadda sai wanda ya ɗage murfi zai gani. Magini ya kawo shawarar a juya bakin zubar hatsin ya kalli dangar gida, a kewaye shi da zana, yadda mai ɗiba zai ɗiba ba idon kowa.

Saura maganar juye hatsi a gaban jama'a. Ranar Alhamis muka tafi kasuwar Maigatari da sunan sayen langa-langa da kwaɗon kulle rumbu. Ban taɓa ganin kara mai girman wannan ba, shanu masu manyan ƙahoni da raƙuma da tumaki iya ganinka, ko da yake dillalai sun ce fari ya rage su ƙwarai. Ga Buzaye da rawunansu, ga kanwa da manda da dabino, ga cuku mai tauri kamar fatar takalmi. Gajeren ya samu abin da yake so, ya yi ta zuba Faransanci da fataken Damagaram, suna kiransa mushe, wato malam da Faransanci, suna tafawa. A nan ɗaliban suka haɗa guzurin da suka ware don yawon buɗe ido bayan aiki, suka sayi buhunan gero. Ni na yi musu ciniki, na kuwa taya kamar zan yi faɗa.

Ranar buɗe rumbu gari ya taru. Dogon ya yi jawabi ina fassarawa. Na dubi mai gari na ce, "Ranka ya daɗe, wannan rumbu gwaji ne, ba a san ko zai riƙe hatsi lafiya ba. Saboda haka ba za mu yarda Baba ya sa nasa a ciki ba bana. Geron ɗalibai za a zuba, in ya lalace asararsu ce." Mai gari ya ce wannan magana ta hankali ce. Aka juye buhuna, aka rufe, aka yi addu'a, jama'a suka watse.

Da muka rage mu kaɗai, budurwar ta durƙusa ta miƙa wa dattijon makulli da hannu biyu, yadda ta ga matan gidan na yi. Ta ce in gaya masa gwajin ba zai yiwu ba sai ana ɗiba.

Ya ce, "Ana ɗiba?"

Na ce, "Kullum, Baba. In ba haka ba bakin zai toshe. Kuma a riƙa tuƙawa ana ci, don a ji ko ɗanɗanonsa ya sauya."

Ya dube ni, sa'an nan ya dubi yaran ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "To, gaya musu na karɓi aikin nan, kuma ba zan yi musu ha'inci ba." Da zai shiga gida ya rage murya ya ce da ni, "Malam, iyayen yaran nan sun iya haihuwa."

Washegari da hantsi amalanke ya ɗauke mu. Mun ɗan yi nisa kaɗan budurwar ta roƙi mai shanu ya tsaya. Daga cikin gidan dattijo daka ne ke tashi, amma wannan karon sautin ya yi nauyi, irin na turmin da ke cike da tsaba. Ta saurara, ta share ido da bayan hannu, muka ci gaba.

Ta Gumel da Gagarawa muka sake biyowa, jirgi ya dawo da mu Kano lafiya. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina cewa mai zane ya auna tsawo da faɗi da nauyi. A tafiyar nan na ga wasu baƙin yara sun auna mutuncin wanda zai yi amfani da abin, suka kuma yarda suka rushe abin da suka fi alfahari da shi saboda shi. Dogon ya bar mini gilashin nan da za mu rabu, yana nan jingine bayan ƙofata. Jiya uwargida ta tambaye ni ko za a yi wa ɗakin ajiyarmu taga da shi, ko ya samu haske. Na ce mata a'a, a bar ɗakin nan da duhunsa.