Ranar da Salula Ta Auna Hankalin Yayata

Ni ne mutumin da salula, wayar hannun nan, ta ba shaidar iya zama da mutane. Na faɗi haka tun da wuri, domin duk wanda ya san ni a Matameye zai so ya ji inda na samo wannan shaida, tunda dai ba daga bakin matata ta fito ba, ba kuma daga bakin malaman da muke koyarwa tare a lakwal ba. Ina da zuciya a kusa. Na taɓa yin sati biyu ban gaida maƙwabcina ba saboda akuyarsa ta cinye mini zogale, kuma har gobe ni ke da gaskiya.

Yayata, wadda nake bi, ba haka take ba. Ba ta yi lakwal ba, amma ta yi shekaru tana zuwa likita, wato asibitin garinmu, ɓangaren yara masu tamowa, tana taimakawa ba albashi. In uwa ta zo daga Dungu ko Tsauni da yaro a ƙanjame, aka ce sai an kwantar da su, ta ce ita sam, maigida bai ba ta izinin kwana ba, ga gona, ga sauran yara a gida, sai ka ji an ce a kira yayata. Ba ta yin wa'azi. Zama take yi a gefen tabarmar matar, ta karɓi yaron ta ɗora a cinya, ta tambayi ko su waye danginta, su yi ta hirar da ba ta shafi ciwo ba. Kafin la'asar sai ka ga matar ta kwance ƙullin kayanta da kanta. In mijin ne ya biyo sawu yana faɗa, shi ma da dariya yake komawa, har ya bar wa matar abin sayen koko.

Mijinta ɗan cin rani ne. Duk shekara da an ɗaure gero sai ya tafi Legas tura kurar ruwa, ba ya dawowa sai an fara hadari. Girma ya fara kama shi. A shekarar da nake magana, da kumburarriyar gwiwa ya dawo, yana sallah a zaune.

Sai ga wani furoje na masu aikin agaji ya zo garin, za su ɗauki mata biyu su riƙa lallashin iyayen yara, da albashi duk wata. Kowa ya ce ai abin nema ya samu, ɗaya gurbin na yayata ne. Mijinta ya ce in ta samu, bana ba inda za shi, zai zauna ya kama lambu. Wannan shi ne abin da gidan ya sa rai a kai tun daga damina.

To amma mutanen furoje masu ilimi ne, ba za su tsaya tambayar ma'aikatan likita da suka yi shekaru da ita ba. Wannan ai aikin ƙauye ne. Sai suka turo wani gwaji ta intanet, da Faransanci, wanda aka ce yana auna fahimtar zuciya da iya zama da jama'a. Mutum shi zai auna kansa. Ana rubuta magana, kai kuma ka zaɓa: na yarda ƙwarai, na yarda, tsaka-tsaki, ban yarda ba, ban yarda ba sam. Wadda ba ta iya karatu ba, sai ta kawo wanda zai karanta mata. Yayata ta aiko a kira ni.

Kafin in je sai da na gwada a kaina, a gindin dogon yaro lokacin da yara suka fita shan iska. Magana ta farko ta ce ina iya danne fushina. Na danna na yarda ƙwarai, kuma ba ƙarya na yi ba, akwai ranar da na danne shi. Ta ce ina sauraron mutane har su gama magana. Ƙwarai. Ta ce ina karɓar gyara. Ƙwarai, in mai gyaran yana da gaskiya, laifina ne da ba su cika samunta ba? Da na gama sai salula ta ba ni tamanin da takwas bisa ɗari, da wata koriyar fuska tana murmushi. Na kai wa matata ta gani. Ta duba, ta ce Allah ya ƙara basira, ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar Asabar da hantsi na sami yayata a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na zauna a kujera, na gyara murya.

"Yaya, sun ce: ina gane abin da ke damun mutum tun kafin ya faɗa."

"Wa ya san zuciyar wani in ba Allah ba?"

"Amsa za ki zaɓa."

"Sa ban yarda ba."

Na sa. Na karanta ta gaba, wadda ta ce mutane suna zuwa wurina neman shawara.

"Gaisuwa dai suke zuwa," in ji ta.

A daidai lokacin mata biyu na zaune a bakin ɗakinta, uwa da surukarta, kowace ta juya wa ɗaya baya, suna jiran mu gama. Gaisuwa suka zo. Na sa tsaka-tsaki.

"Sun ce: ina faɗa wa na kusa da ni cewa ina son su."

Ta ja gyale ta rufe baki. "Mushe, su ne suka yi wannan tambaya ko kai ne ka ƙara?"

Mushe, yadda yaran lakwal ke kiran malami da Faransanci, take ce mini in tana son ta tsokane ni. Na nuna mata rubutun, kamar za ta iya karantawa.

"To wa zan faɗa wa? Baban yara? Da furfurata? Sa waccan ta ƙarshen, mai sam."

Matar da ko sunan ɗanta na fari ba ta taɓa kamawa ba, ita ake tambaya wannan. Haka muka yi ta tafiya. Da muka zo inda aka ce na fi yawancin mutane iya sasanta rigima, har gyaɗar ta ajiye.

"Yabon kai jahilci. In na iya, wasu ne za su faɗa, ba ni ba."

A nan ne ya kamata in faɗi abin da ba na son faɗa. Na san abin da ke faruwa tun daga tambaya ta uku. Na san wannan gwaji an yi shi ne don mutanen da ba su jin nauyin cewa sun iya, kuma na san amsar gaskiya a kusan kowace magana ita ce ƙwarai. Salular a hannuna take, babu mai kallon yatsana. Na ce wa kaina amana aka ba ni, abin da ta faɗa shi zan sa, ni malamin makaranta ne, ba na satar amsa. Dalili ne mai kyau, har yanzu in na faɗe shi yana yi mini daɗi a baki. Amma tun ina yaro nake jin ana cewa in yi koyi da yayata, ita ce mai hankali, ni ne mai baƙar zuciya. Duk lokacin da na danna ban yarda ba, sai in ji wani sanyi a raina.

Ta ci talatin da huɗu. Fuskar da aka ba ta ja ce, ta turɓune. A ƙasa an rubuta mata shawara: ta koyi sauraron mutane, ta riƙa kallon wanda take magana da shi cikin ido, ta daina ɓoye abin da take ji. Na fassara mata duka, ban rage ko kalma ba.

"To, Allah ya sa mu gyara," in ji ta, ta tashi ta nufi baƙinta.

Na danna na tura. Na ɗauka gwajin cika takarda ne kawai, tunda duk garin an san ta.

Bayan sati uku aka manna sunaye a ƙofar biron furojen, wato ofishinsu. Babu nata. Ɗaya daga waɗanda aka ɗauka 'yar unguwarmu ce, wadda in ta fara faɗa a bakin famfo sai layi ya watse. Ba na zarginta, ita ma irina ce, an tambaye ta ta faɗi abin da ta sani game da kanta. Na shiga biron na sami wani saurayi mai ladabi. Ya ce daga Yamai aka tace sunayen, duk wadda ba ta kai rabi ba ko takardunta ba a buɗe ba. Na ce ya je likita ya tambaya. Ya ce ba a hannunsa yake ba. Na buga teburi, na kira shi abin da ba zan rubuta a nan ba, ni mai tamanin da takwas. Ya ce in kwantar da hankalina, ya miƙo mini ruwa.

Da aka gama girbi mijin yaya ya haɗa jakarsa. Ni na kai shi tasha a babur ɗina. A hanya yana ta tsokanata kamar kullum, wai har yanzu ban biya shi ladan riƙe mana yaya ba. Na tsaya har aka cusa shi a kujerar baya, tsakanin buhunan wake da wasu samari uku, yana tallafe gwiwar da hannu biyu yana neman inda zai sa ta.

Daga tasha gidanta na wuce. Tana shanya a igiya. Na faɗa mata komai, har sanyin da na ji. Na yi zaton za ta ce ba komai, rabo ne, domin abin da take faɗa wa kowa ke nan, kuma shi na zo nema.

Ta gama matse zanen da ke hannunta tukuna.

"Da ka sa ƙwarai ɗin, da ƙarya ka yi musu?"

"A'a, Yaya."

"Masu karatun Faransanci sun ƙare a unguwar nan ne? Kai na aika a kira. Mutum ba ya yabon kansa, ɗan'uwansa ke yi masa. Ni kunya ta hana ni."

Ba ta ɗaga murya ba. Na tsaya ina kallon ruwan da ke ɗiga daga zanen. Can ta ɗauko wani daga bokiti, ba ta kalle ni ba ta ce:

"Baban yara ya samu gidan gaba a motar? Ya ce zai roƙi direba saboda ƙafar."

Na ce ya samu.